Rikicewar Jinin Al'ada ga 'Yan Mata: Tsakanin Lissafin Fiƙihu da Binciken Likita

Wannan lacca ga iyaye mata da malamai da ma'aikatan lafiya da ɗalibai na ƙasar Tambuwal da Kebbe za ta tattauna ne a kan rikicewar jinin al'ada ga 'yan mata da matan aure masu ƙananan shekaru, matsalar da da wuya a sami gidan da ba ta taɓa leƙawa ba, amma kunya ta hana a ɗaga murya a kanta sai ta kai ga jiri da faɗuwa, ko kuma an shekara biyu da aure ba a ga ciki ba. Abin da ake nufi da rikicewa shi ne jinin ya riƙa zuwa kafin lokacinsa, ko ya yi dogon jinkiri, ko ya ɗauke na watanni ba tare da juna biyu ko shayarwa ba, ko ya zarce kwanakinsa, ko yawansa ya wuce kima.

Karantar da mata hukuncin jini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman zamaninsa da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilcin hukunce-hukuncen addini, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata masu muƙamin jaji ke ɗaukar karatu daga gare ta su kai wa matan karkara. Har gobe yarinyar da ta karanta Ahalari ko Iziyya a Islamiyyar Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi ta san cewa a mashhurin mazhabar Malikiyya wadda ta fara ganin jini tana iya zama har kwana 15, wadda ta saba kuma tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar ba ta haura 15 ba, sannan mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Abin da ya wuce haka shi ne istihala, wato jinin ciwo, wanda mace ke wanka ta ci gaba da salla da azumi yana zuba.

Wannan ilimi dukiya ce, domin ya koya wa mata ƙirga kwanaki, abin da likita ke fara nema kafin kowane gwaji. Sai dai tambayar da fiƙihu ke amsawa ita ce yaushe za a bar salla, yaushe za a koma mata. Dalilin da ya sa jinin ya ƙi tsayawa ba fagensa ba ne, kuma hadisin da ya yi bayanin istihalar Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ya danganta jinin ne ga jijiya, wato ga wani dalili na jiki. Yarinyar da ke yin kwana 12 kowane wata tana cikin haila ingantacciya a wajen malami, ba ta da laifin komai a ibadarta, amma a wajen likita jininta ya zarce kwana 8 na ƙa'ida da kwana huɗu, kuma in ta shekara a haka ƙarancin jini zai kama ta. A nan ne mata da yawa ke tsayawa: sun tambayi malama, sun sami hukunci, hankalinsu ya kwanta, ciwon kuma yana nan yana cin jiki.

Ma'aunin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta sabunta a 2018 ya nuna cewa al'adar babbar mace tana kan daidai idan tazarar da ke tsakanin ranar farko ta wannan jini da ranar farko ta mai bi masa ta kama daga kwana 24 zuwa 38, kuma zubar ba ta wuce kwana 8 ba. Ga yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba, an faɗaɗa tazarar daga kwana 21 zuwa 45. Ƙirgar da watan Musulunci kan haifar da wani ruɗani da ya kamata a warware shi, domin watan kwana 29 ne ko 30, don haka wadda tazararta kwana 35 ce za ta ga ranar tana ja da baya da kwana biyar ko shida kowane wata, al'adarta goma ce a shekara, kuma kimanin wata biyu za su wuce al'ada ba ta fara a cikinsu ba. Irin wannan mace kan ce wata ya yi mata tsallake, ta shiga neman magani, alhali lafiyarta lau. Da ta sa alama a kalandar bango ko a bayan littafin makaranta, ta ƙirga daga ranar farko zuwa ranar farko sau uku ko huɗu, da ta ga lissafin nan bai taɓa sauyawa ba.

Al'ada ba aikin mahaifa ba ne ita kaɗai. Umarnin yana fitowa ne daga wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos, ya sauka ga wani ɗan ƙaramin ƙulli da ke rataye a ƙarƙashinsa mai suna fituwitari, shi kuma ya aika da saƙo ta cikin jini zuwa gidajen ƙwai biyu da ke dama da hagun mahaifa. Waɗannan saƙonni su ne sinadaran da likitoci ke kira homon. A rabin farko na wata, gidan ƙwai yana renon ƙwai yana fitar da istirojin, sinadarin da ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa, idan ƙwan ya nuna ya fita kuma, gurbin da ya bari sai ya koma fitar da furojestaron, wanda ke tsayar da kaurin ya daidaita shimfiɗar na kimanin kwana 14. In ciki bai shiga ba, sinadaran biyu su sauka tare, shimfiɗar ta zube a lokaci guda, wannan shi ne jinin al'ada. Idan ƙwai bai fita ba, furojestaron ba ya samuwa, sai shimfiɗar ta zama kamar katangar laka da aka yi ta ɗora wa ƙasa ba a yaɓe ta ba, ta daɗe a tsaye tana ƙara tudu, sannan ta riƙa zubewa gefe-gefe ba tsari. Shi ya sa mace ɗaya kan yi wata uku ba ta ga komai ba, sannan jini ya ɓalle mata na mako uku.

A shekara biyu zuwa uku na farkon balaga, saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da gidan ƙwai bai gama saituwa ba, watanni da yawa kan wuce ƙwai bai fita ba, don haka mafi yawan rikicewar da ake gani ga 'yar shekara 13 ko 14 ba cuta ba ce, kuma maganinta haƙuri da ƙirga. Abin da ke wajabta zuwa asibiti shi ne yarinya ta cika shekara 15 ba ta fara ba, ko ta yi shekara uku da ƙirgar dangi ba ta ga jini ba, ko jinin ya ɗauke kwana 90 bayan ya fara, ko ya zarce kwana 8, ko ya riƙa jiƙe audugar mata ko ƙunzugu kowace awa ɗaya ko biyu, ko ya zo da guda-guda manya. Yara masu ciwon sikila da waɗanda ba su sami wadataccen abinci ba kan yi jinkirin farawa.

Idan rikicewar ta ƙi daidaita bayan waɗannan shekaru, abin da aka fi samu shi ne larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da PCOS, wadda likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. A ƙa'idar da aka amince da ita a birnin Rotadam a 2003, ana tabbatar da ita idan biyu daga cikin alamomi uku suka haɗu bayan an kore sauran cututtuka: rashin fitar ƙwai a kan kari, da alamun yawan sinadarin maza kamar gashi a haɓa ko ƙirji da ƙurajen fuska masu naci, da ganin ƙananan ƙullutu masu yawa a gidan ƙwai a hoton ciki. Waɗannan ƙullutu ba ƙari ba ne, ba kuma sa buƙatar tiyata, ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya. Ga yarinyar da ba ta kai shekara takwas da fara al'ada ba, ba a dogara da hoton, domin gidan ƙwan yara masu lafiya ma kan fito haka, kuma iyaye da dama sun tashi hankalinsu a banza saboda takardar sikanin da ba likitan mata ne ya fassara ta ba.

Tushen larurar a jikin mata da yawa shi ne jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, sai insulin ya yi yawa a jini ya tunzura gidan ƙwai ya ƙara fitar da sinadarin maza. Alamar hakan takan fito a bayan wuya da hammata, inda fata ke yin baƙi da kauri da laushi, uwa ta yi ta dirza da soso da sabulun salo tana faɗan ƙazanta, baƙin kuma ko gezau. Siririya ma tana iya kamuwa, amma ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, ta hanyar rage lemon kwalba da shayi mai sukari da yawaita tafiya, kan dawo da al'ada ba da ƙwaya ba. Likita na iya ba da metfomin, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa don daidaita jini da rage gashi. A nan iyaye kan ja da baya idan budurwa ce, bisa tsoron ƙwayar za ta hana ta haihuwa nan gaba ko mutane su yi zargi, alhali ƙwayar ba ta kashe mahaifa, barin shimfiɗar mahaifa tana kauri wata da watanni ba ta zuba ba ne ke da haɗari, domin bayan shekaru yana iya rikiɗewa ya zama daji.

Wani kaso na rikicewar kuwa da kuɗi ake sayo shi a kyamis. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha gab da biki, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha ka fashe, sau da yawa deksametason ne, sinadarin da ke kumbura fuska da ciki ya bar ƙafafu sirara, ya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya kuma danne saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gidan ƙwai. Mayukan bilicin masu ɗauke da irin wannan sinadari suna ratsa fata su shiga jini, su yi irin wannan ɓarna idan an daɗe ana shafawa a jiki duka. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar bai kamata ta yanke ta rana ɗaya ba, domin jikinta ya daina sarrafa nasa, yankewar gaggawa na iya sumar da ita, sai dai likita ya riƙa rage mata a hankali. Tiramol da kodin ma suna ɗauke al'ada. Haka kuma ƙwayar Primolut N da mata ke sha don tsayar da jini a goman ƙarshe na azumi ko lokacin Hajji da Umara, tana aiki idan an fara ta kwana uku kafin ranar da ake sa rai, jinin kuma ya zo kwana biyu zuwa uku bayan an daina, amma shan ta barkatai, yau a sha gobe a manta, shi ke kawo ɗigon da ke jefa mace cikin shakka a kan sallarta. Postinor-2 da ake sha bayan saduwa yana gusar da ranar al'ada gaba ko baya. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, da ashanar da ake sa wa a damtse, suna kawo ɗigo a watannin farko, kuma kusan rabin masu allurar kan daina ganin jini bayan shekara. Wannan ɗaukewa ba ta nufin jini ya taru a mara, shimfiɗar ce ba ta yi kaurin da za ta zuba ba, sai dai haihuwa kan ɗauki watanni kafin ta dawo bayan allurar ƙarshe.

Yunwa da firgici da aikin wahala suna rufe umarnin tun daga ƙwaƙwalwa, abin da aka gani ƙarara a ƙasar Holan lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, inda al'adar mata masu yawa ta ɗauke har sai da abinci ya dawo. Yarinyar da rashin tsaro ya tayar da ƙauyensu ta koma zaman gudun hijira, da ɗalibar da ta shiga makarantar kwana irin Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal tana fama da kewar gida a zangon farko, duk suna iya yin wata biyu ko uku ba su ga jini ba. Ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, wanda kumburinsa ne maƙoƙo, yana rikita al'ada in aikinsa ya yi ƙasa ko ya yi sama. Yawan furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, yana ɗauke ta, alamarsa kuma budurwa ta ga ruwa na fita daga nononta, wani lokaci saboda magungunan amai ko na taɓin hankali. Akwai kuma larurar da likitan Ingila Harold Sheehan ya bayyana a 1937, wadda ta shafi yankin da haihuwar gida ta fi yawa: mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa har fituwitari ya lalace, nono ya ƙi kawowa, gashin hammata ya zube, kasala da jin sanyi su dame ta, al'ada kuma ta ƙi dawowa har bayan lokacin yaye. Akan ce jego ne bai karɓe ta ba, ta shekara goma tana jinya a ɗaka, alhali ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadaran da ta rasa suna iya tayar da ita.

Ba kowane jini ne laifin sinadari ba. Matar aure da ta yi ɓatan wata, sannan ta ga ɗigon jini baƙi da ciwo a gefe ɗaya na mara, mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, kuma wannan ba ya jiran wayewar gari. Matar da aka ce mata cikinta ya kwanta ma tana buƙatar hoto. Malaman Malikiyya sun faɗaɗa mafi tsawon muddar ciki har shekara huɗu ko biyar, faɗaɗawar da ta kare mutuncin mata da nasabar 'ya'ya a gaban alƙalai, amma wannan hukunci bai hana a duba ko cikin ya lalace ne bai fita ba, ko kuwa tun asali al'ada ce ta ɗauke. A ƙauyukan da ke bakin fadamun Gulbin Zamfara, inda yara mata ke wanki da wanka a ruwan da ba ya gudu, tsargiya na iya kama al'aura da bakin mahaifa ta kawo jini tsakanin al'ada biyu, a yi ta shan maganin sanyi ba sauƙi, alhali farazikwantel ne maganinta. Yarinyar da jininta ya yi yawa tun al'adar farko, tana kuma yawan haɓo, a binciki daskarewar jininta. Wadda kuwa ke murƙususun ciwon mara kowane wata ba jini, mararta na tasowa, wataƙila tantanin budurci ne ya toshe ƙofar baki ɗaya, aikin da likita ke gyarawa cikin ɗan lokaci. Kai irin wannan yarinya wajen wanzami ko ungozoma a yi mata yankan gishiri babban ganganci ne, domin aska na iya huda mafitsara ta bar ta da yoyon fitsari, irin larurar da ake jinyarta a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sami kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, Jihar Sakkwato kuma tana kan gaba da kusan mace uku cikin huɗu. Wannan na nufin yarinyar da jininta ya zarce ba ta da ajiyar da za ta jure asarar. Haki in ta ɗebo ruwa, da farin tafin hannu da ƙasan ido, da kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, duk alamu ne na ƙarewar sinadarin ƙarfe a jiki. Hanta da nama da wake da zogale da rama suna taimakawa, shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar ƙarfen, amma wadda jininta ya riga ya yi ƙasa sai da ƙwayar ƙarin jini ta wata uku ko fiye. Asfirin yana ƙara zubar jini, don haka ba shi ne maganin ciwon mara ba.

Babban abin da ke hana yarinya magana shi ne zargi. Uwa kan lura 'yarta wata biyu ba ta ajiye salla ba, ba ta kuma shanya ƙunzugu ba, sai zuciyarta ta tafi wuri ɗaya, tambayar ta fito da tsawa, yarinyar kuma ta koyi ɓoyewa, har wata kan yi ƙaryar fashin salla don a bar ta ta huta. Ya kamata iyaye su san cewa gwajin fitsari na juna biyu ƙa'ida ce da ake yi wa duk wadda al'adarta ta ɗauke, ba tuhuma ba ce ga tarbiyyar gidansu, kuma binciken budurwa ba ya buƙatar taɓa budurcinta, domin hoton ana ɗaukarsa ne ta saman mara bayan ta sha ruwa mafitsara ta cika. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gaskiya ne yarinya ta fi sakin baki ga ma'aikaciyar jinya mace, amma kuɗin mota da izinin fita suna hannun uba ko miji, don haka ba a cire maza daga wannan karatu.

Matakin farko shi ne asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ko babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, inda za a auna nauyi da hawan jini, a gwada yawan jini da juna biyu, a duba takardar da yarinya ta rubuta kwanakinta na wata uku zuwa shida, tare da kwalayen duk abin da take sha ko shafawa, har da na gargajiya. Gwajin sinadarai kuwa galibi sai an dangana da Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal, ko kuma Birnin Kebbi ta hanyar Jega. Wasu daga cikin gwaje-gwajen ana ɗibar jininsu ne a rana ta biyu zuwa ta biyar da fara al'ada, don haka gara a tambayi ranar kafin a biya kuɗin mota, kuma furolaktin da ya ɗan hau sau ɗaya akan maimaita shi kafin a fara magani, domin fargabar allura kaɗai na iya ɗaga shi. Game da haihuwa, wadda ita ce fargabar da ke ƙarƙashin duk sauran, mafi yawan masu PCOS suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da ƙwayar da ke sa ƙwai ya fita irin letirozol a ƙarƙashin kulawar likita. Ƙa'idar ita ce ma'aurata su nemi bincike bayan wata 12 ba ciki, amma wadda al'adarta ke yin wata biyu ko uku ba ta zo ba ba ta jiran cikar shekarar, kuma a ranar da za a fara bincikenta ana gwada maniyyin mijin shi ma.